Wutar da Ta Bi ta Ƙarƙashin Mangwaro

Ka ce injinku ya lissafa yawan iska mai ɗumama duniya da daskararriyar ƙasar can ƙuryar arewacin duniya za ta saki in ta narke. Madalla. Amma zauna ka ji labarin wani mai gawayi, mutum mai taka-tsantsan har ya yi yawa. Ba ya ƙona babban tsibin itace sai ya fara gwada ƙarami a tsakar gidansa, ya ga yadda hayaƙi ke fita da lokacin da wuta ke mutuwa, sannan ya auna babban da shi. Awon bai taɓa ba shi kunya ba, shi ma kuwa bai bar kowa ya manta da hakan ba. Wata shekara ya tara itace a gefen gonarsa, kusa da mangwarorin da matarsa ta dasa kafin ta rasu, waɗanda ya fi ƙauna fiye da duk abin da ya mallaka. Ya rufe da ƙasa, ya kunna, ya jira daidai yadda ƙaramin ya koya masa. Ya kwashe gawayinsa, ya yayyafa ruwa, ya dafa ƙasa ya ji sanyi, ya tafi gida hankali kwance.

Ashe wurin tsohon mashekari ne, inda makiyaya suka daɗe suna ajiye shanu. Kashin shanu da ƙaiƙayi na shekara da shekaru suna kwance a ƙasa, rairayi ya binne su, alhali tsakar gidansa marmara ce zalla. Wuta ta samu abinci, ta yi ta tafiya a ɓoye, ba harshe ba hayaƙi. Da bishiyar farko ta fara yaushi ya ɗauka ƙishi ne, ya dinga jido mata ruwa safe da yamma, bawan Allah. Ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Ran da ta ƙarshe ta kife ya tona gindinta, sai ga toka mai ɗumi inda saiwa take. Ya zauna a wurin ya yi kuka kamar ranar jana'izar. "Na auna komai," in ji shi, "ban da abin da nake tsaye a kai."

Lissafinsa bai yi ƙarya ba, abin da aka zuba masa ya faɗa. Ku ma ƙasar da kuke aunawa ta daɗe tana binne ciyayi, kuma kaɗan kuka tona. Rashin sani ya fi dare duhu.