Ƙasar Nguru a Bayan Gidan Barira

Gwadabe yana cikin gyara gashin bakinsa a madubin wata mota, a bakin karar shanu ta Enugu, sai mai motar ya leƙo ya ce, "An ce mini kai ne Gwadabe." Dakta Udeze ke nan, Ibo haifaffen Sabon Garin Kano, wanda ya dawo daga Ingila shekarar samun 'yanci da ilmin ƙasar noma da tsutsotsin cikinta.

Shi kuwa Gwadabe dillalin shanu ne mai riga uku da baki ɗaya da ya fi su duka faɗi. Mutum ne mai basira, ko da yake unguwar Asata, wadda ba ta san darajar masu wayo ba, da wani suna daban take kiran abin.

Dakta ya ce bincike yake yi, yana neman ƙasa daga garuruwan Arewa, kuma duk wanda ya taimaka sunansa zai fito a mujallar masana ta Landan.

"Oga Dakta, no wahala," in ji Gwadabe. "Ina da mutane tun daga Nguru har Ƙauran Namoda. Duk jirgin ƙasa na shanu da ya iso, ƙasarka tana ciki."

Kafin la'asar ya gaya wa Asata kaf cewa Turawa za su buga sunansa. Sai da ya zauna ya tuna mutum ɗaya ya sani a Nguru, shi ma mutumin ya rantse in sun haɗu sai ya karya wa Gwadabe haƙarƙari.

Ya tafi wurin yayarsa Barira mai tuwo, wadda yake zaune a gidanta tun rasuwar mijinta.

"Yaya, na yi alkawarin da ya fi ƙarfina. In ya tashi, ba ni da fuskar fita."

"Ƙasa tana da shaidar gari a goshi ne?" in ji ta, ba ta ko ɗaga kai daga tukunya ba. "Ga fili nan a baya. Tona, ka sauya mata launi."

Gwadabe ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya san dama dabarar tana bakin harshensa, Yaya ta riga shi furtawa ne kawai.

Filin jar ƙasa ne mai taurin kai, ko akuya ba ta kwanciya a kansa. Kullum bayan asuba Gwadabe ya tuɓe riga, ya ɗau fartanya. Ƙasar Nguru ya zuba mata yashi. Ta Ƙaura, toka. Ta Kano, kashin shanu, wanda ya riƙa ɗaukowa daga kara a kansa yana cewa magani ne. Barira ta ce ya yi wa kowane gari kunyarsa daban, kada ya rikice, kuma ya riƙa aunawa da kwanonta don launin ya zo ɗaya. Da maƙwabta suka fara leƙe, sai ta shuka kuɓewa a kai don rufin asiri.

Kowace Asabar Dakta yakan zo. Ya karɓi buhunan ya jefa a bayan mota ba tare da ya kwance ba, ya ci tuwo, ya zagaya baya wanke hannu. Mutumin akwai tsabta, yakan yi rabin sa'a yana wankin nan. Gwadabe kan bi shi da kallon tausayi: karatu har Ingila, ga shi ɗan Asata ya sa shi a aljihu!

Wata tara ana haka. Tafin hannunsa ya yi kanta, bayansa ya sankare, tumbinsa ya tafi bai yi sallama ba. Bai yi ƙorafi ba sai sau biyu a rana.

Ranar da mujallar ta iso, ya sa riguna ukun duka. Ya tara jama'a a ƙofar Sarkin Hausawa, ya kirawo Malam Muntaka akawu ya fassara.

"Karanta da ƙarfi, Malam, akwai mahassada a baya."

Malam Muntaka ya gyara tabarau. Ya duba takardar, ya dubi Gwadabe, ya sake duba takardar.

"An ce: Yadda toka da yashi da taki ke raya jar ƙasar Enugu, gwajin kunya shida a wani lambu na Asata. Masu bincike: Dakta Udeze, da Malama Barira, wadda ta tsara gwajin."

"Ni fa? Duba ƙasa!"

"Ga ka nan, da ƙananan baƙi. Suna godiya ga Gwadabe, wanda yayarsa ta yi shekara bakwai tana roƙonsa ya nome mata filin, sai a bana Allah ya nufa."