Gajimare a Kan Unguwar Masunta

"Ba zan cike shi ba," in ji Mai-faci, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Shugaban kwamitin rusau ya dubi Oga, mai kula da ofishin taswira, Oga ya dubi fanka. A ofishin taswira kaf babu wanda ya kai ta iya toshe giɓin gajimare, shi ya sa ma aka laƙaba mata sunan. In tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton gaɓar teku, gajimare ya rufe wani wuri, sai ta nemo tsohon hoton wurin, ta daidaita launi, ta ɗinke, ka rantse haka aka ɗauko shi. Yau kuma ga ta ta harɗe hannu a gaban wani farin dunƙule da bai fi tafin hannu ba a fuskar kwamfuta.

Unguwar masunta ce a ƙarƙashinsa. Doka ta ce duk gidan da ya matso ruwa fiye da ƙa'ida a rushe shi, amma sai da hoton wannan watan da sa hannun ofishin nan. Masunta sun kai ƙara, kotu za ta zauna mako mai zuwa, Shugaba kuwa so yake katafila ta riga alƙali isa. Gidan da ya fi kowanne kusa da ruwa na mahaifin Mai-faci ne. Ko da safen nan sai da tsohon ya kira ta, ya ce tun jiya rana ta ƙwalle, tarun kamun kifinsa ya bushe ƙarau, ya kuma sake rantsuwa cewa sai dai a rushe gidan da shi a ciki. Ta san shi, ba ya faɗa don a ba shi haƙuri.

"Ki liƙa na watan jiya mana," Shugaba ya ce, yana sharce gumi. "Ba abin da aka ɗauke ki ki yi ke nan ba?"

"Ranka ya daɗe, ina yi wa yashi faci, ina yi wa ciyayi. Amma bakin ruwa kullum matsawa yake. Ba zan sa hannu a rushe gidan mutum da tsohon hoto ba."

"To, ki fara neman wani aikin."

"In an kore ni, na tafi."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Ba Shugaba take tsoro ba, wannan ko gabas da yamma bai sani ba a taswira. Oga take tsoro. Mutumin da ya taɓa sa ta sake aikin wata guda saboda layi ɗaya ya karkace, wanda ko gaisuwa da ka yake amsawa. Kullum tana riga kowa zuwa ta sauke hotunan da kanta don kada ya sami abin faɗa, amma sai ya samu.

Ai kuwa sai ya jawo kujera. Ya gyara tabarau, ya ƙara girman hoton, ya bi gefen gajimaren a hankali, ya gangara kan baƙar inuwarsa da ke kwance a ruwa ta gabas da shi. Ya daɗe a nan.

"Gajimare ne," Oga ya ce a ƙarshe. "Ofishina ba ya sa hannu kan abin da bai gani ba. Sai tauraro ya sake zagayowa."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan an yi zaman kotu."

Shugaba ya zazzaga abin da zai zazzaga, ya ambaci manyan da ya sani, ya suri jakarsa ya buga ƙofa har labule ya tashi. Mai-faci ta sauke numfashi, ta buɗe baki za ta yi godiya. Oga ya ɗaga mata hannu, fuskar nan a murtuke kamar kullum. Ya mayar da kujera inda ya ɗauko ta, sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya, bai ko juyo ba.

"'Yar nan, tauraron nan da safe yake wucewa, rana tana gabas. In za ki sake zana gajimare, ki sa inuwarsa ta yamma."