Hancin Shekara Arba'in

Da sigarin da bai kunna ba a baki, ya durƙusa cikin dusar ƙanƙara gaban injin ɗumama gida da 'yarsa ta kafa wa wata tsohuwa a ƙauyensu na yankin Bavariya. Tun safe injin ya tsaya.

Ya shinshina bututun. "Ba ya yoyo. Shekara arba'in ina gyaran gas, hancin nan bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Baba, dakata!" 'Yar ta kara na'urar gwajin gas a bututun, na'urar ta ɓarke da ƙara.

"Kayan wasanki ya haukace."

"Gas ɗin girki ake zuba wa wari. Na sababbin injinan nan ba shi da wari, amma wutarsu ɗaya."

Ya dubi hannunsa. Tsinken ashana na kan kwali, saura ƙyastawa.