Shaidar Riga Mai Aska Takwas

Tun da aka samu na'urar da ke sa kaya su maimaita abin da suka ji, kotu ta daina neman takardar shaida. Sharaɗi ɗaya ne: mai ƙara ya saurari ranar da aka kwashe kayan, har ƙarshe.

Inna Tabawa ta zo karɓar rigar da mahaifinta ya yi wa aska takwas da hannunsa. Rigar ta shekara saba'in a gidan tarihin wata ƙasa, tun yaƙi.

"Inna, ga kujera," in ji Sagir magatakarda.

"Ba zama na zo yi ba. Kunna."

Ya ɗora na'urar a wuyan rigar. Aka ji takun sojoji da kukan akuya. Wani ya yi sallama, ya ce, "Yarinya, ina maigidan?"

Wata 'yar murya ta amsa da ladabi: "Yana cikin rumbu, shi da rigarsa."

Sagir ya kashe na'urar, ya kasa ɗaga ido.

"Sallama ya yi," in ji Inna Tabawa. "A gidanmu ba a yi wa mai sallama ƙarya." Ta gyara mayafinta. "Kunna, ɗana. Ban taɓa jin sauran ba. Ruwa suka aike ni in ɗebo musu."