Ƙwadagon da Ake Zuwa da Fura daga Gida

Kwana da kwanaki ke nan abu ɗaya na ci mini rai. Ɗana Sabi'u ya samu aiki a wani kamfanin ruwan leda, na yi murna har na raba ƙosai sadaka. Ashe albashin bai kai kuɗin mota da na abincin rana ba. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar ɗakina yana sosa ƙeya: "Inna, a ɗan agaza wa ma'aikaci." Na ce ya nemi ƙari mana. Ya ce, "Ƙari, Inna? Kin ga mutanen da ke bakin ƙofar kamfanin kuwa? Jira suke in yi tari a sallame ni."

Na kai kukana wurin yayana, shi kuwa ba ya amsa magana sai da misali. Ga abin da ya ba ni.

Wani manomi ya fita neman ɗan ƙwadago ɗaya, ya tarar da biyu a gindin bishiya, dogo da gajere. A al'ada, mai gona ne ke kai wa ɗan ƙwadago fura da hantsi. Dogo ya faɗi kuɗinsa, gajere ya rage. Dogo ya sake ragewa, ya ce furar ma ya yafe. Gajere ya zabura ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da furata zan zo, da ludayi biyu, mu sha tare!" Manomi ya ce, "Ka ji ɗan albarka," ya ɗauke shi.

Gajere ya duƙufa noma. Hantsi na yi sai matarsa ta damo fura ta kawo, mai gona ya taso daga inuwa ya tanƙwashe ƙafa, ludayinsa kuma ya fi zurfi. Da geron gidan ya ƙare, matar ta sayar da akuyarta don kada miji ya ji kunya. Kafin a gama noman, mai gona ya sassauta mazagin wandonsa, gajere ya ƙara wa nasa ƙulli. Dogo kuwa yana can gindin bishiya. Yunwa dai yana jin ta, amma ba ya gumi. Ranar biya, abin da aka danƙa wa gajere da ƙyar ya sayi igiyar akuyar. Mai gona ya dafa kafaɗarsa ya ce baɗi ma shi zai ɗauka, sai dai a gaya wa uwargida ta riƙa ƙara nono.

Na ce, "Yaya, wato Sabi'u ne gajeren?" Ya ce, "Bar ta Sabi'u. Ke ce mai damun furar."

To jama'a, yaya zan yi? In hana shi kuɗin motar ya dawo zaman gindin bishiya, ko in ci gaba da ciyar da kamfani da kaskon ƙosaina? Ni dai na ga abin da Hausawa ke faɗi a tsakar gidana: an je neman ƙiba, an samo rama.