Takaba a Garin da Ba a Jin Hausa

Kin ce tun rasuwar nan magana ta ƙi fita daga bakinki. Na san wannan, ƙanwata, ni ma na zauna a tabarmar da kike kai. Bari in ba ki wani misali.

An yi wata mata da ta bi mijinta fataucin kanwa har can kudu, wani gari a bakin babban kogi inda ba mai jin Hausa. Shi ne bakinta, shi ne kunnenta, don shi ya iya yaren garin. Ba su daɗe da sauka ba Allah ya karɓi abinsa, a gabanta, da rana tsaka. Mutanen garin suka yi masa sutura, suka zo suka zauna mata, suna ta faɗin maganganu masu taushi da ba ta gane ko ɗaya. A gida, mai takaba takan ba masu gaisuwa labarin yadda abin ya faru, ta faɗa wa wannan, ta maimaita wa wancan, har nauyin ya ragu. Ita kuwa nata labarin ya tsaya mata a ƙirji kamar dutse. Abinci ya ƙi wucewa, ta rame ta yi fayau. Kullum tana zaune bakin ƙofa tana kallon hazon da ke tashi kan ruwa, jiragen masunta suna shiga cikinsa suna ɓacewa kamar a mafarki.

Akwai wata tsohuwa maginiya da ke jera tukwanenta a inuwar ƙofar. In ta kwaso su daga wuta, sai ta bi su ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa, tana kwaikwayon kukan kowace da bakinta. Wata safiya ta ƙwanƙwasa wata randa, randar ta amsa da ƙara mai tsawo, sai matar ta ji bakinta ya ce, "Garau." Tsohuwa ta waiwayo. Ta faɗi tata kalmar ta yarensu, wadda ba ta yi kama da garau ba, amma ita ma wasai take, a buɗe, kamar an ɗaga labule. Ta ƙwanƙwasa wata mai tsaga, dukansu biyu suka yi wani sauti a dishe, suka dubi juna.

A nan matar ta miƙe. Ta nuna hanyar kasuwa, ta ɗora hannu a ka kamar mai kaya, ta ce tinƙis-tinƙis, haka mijinta yake tahowa. Ta ce cak. Ta yi luu da jikinta, ta ce tim. Ta dafa ƙirjinta, fat-fat-fat, nata ke nan da ta rugo. Ta ja numfashi sama-sama yadda ya ja, ta saki hannuwanta laƙwas, sannan a hankali ta ce, "Tsit." Tsohuwa ba ta ko ƙifta ido ba. Da matar ta gama, sai tsohuwa ta nuna kogi, ta nuna nononta, ta ɗaga hannu daidai tsayin saurayi. Ta yi sautin filafilin tuƙa jirgi yana yanka ruwa, ƙanana-ƙanana, masu sauri. Ta faɗi wata kalma guda mai nauyi da ta cika mata kumatu. Daga nan ta ja wani siririn sauti, ta yi ta jan sa yana ƙanƙancewa, har ruwa ya rufe ya kwanta. Matar ba ta taɓa jin waɗannan kalmomi ba, amma ta ga jirgin, ta ga kifewarsa, ta ga uwa tsaye a gaɓa. Suka rungume juna, hawaye shar-shar. Ranar ta ci abinci, a ƙwarya ɗaya da tsohuwar.

Kin gani, kowane yare da irin waɗannan kalmomi nasa, abu mai nauyi a faɗe shi da cikakken baki, siriri a ja shi siriri. Ba sai kin tsara zance ba. Ki fara da yadda abin ya yi ƙara a kunnenki, ga ni zaune, zan gane. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.