Littafin Mijin Yaya

Saura kwana uku littafin ya fito, mijin Yaya ya sake fasa wa Auta baki.

Laifinta kawai ta tsaya kallon fostar da ya manna a falo. Ga hotonsa ya dafe haɓa, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Ya ce me take kallo, ko nata ne? Kafin ta ce a'a ya kwaɗa mata bayan hannu, zobensa ya tsaga mata leɓe. Ta haɗiye jinin, ta goya 'yar Yaya, ta wuce wanke-wanke.

Wata takwas ke nan ba a ga Yaya ba. Shi ya ce guduwa ta yi, ta bar masa jaririya da abin kunya. Ya yi ta kuka gaban Baba har Baba ya koma ba shi haƙuri, ya ce Auta ta ci gaba da zama ta riƙe yarinyar. Auta ta zauna. Dama ba mai magana ba ce, aji huɗu ta tsaya, ko mai shago ya yi mata tambaya sai dai ta nuna da yatsa.

Shi magini ne, amma ya tsani a ce masa magini, sai dai Malam. Biro uku yake sawa a aljihu. Yana sayen jarida ya naɗe a hammata, hotuna kawai yake kallo. Layi biyar in ya karanta sai hamma.

Auta ta fara rubutu a tsofaffin littattafan makaranta, tana tura su ƙarƙashin katifa, wajen da yake ɗagawa duk sati yana duba ko ta ɓoye waya. Ranar da ya gani, da gashi ya jawo ta har tsakar gida, ya taka mata hannu da takalmin aiki, yatsa biyu suka karye. Sannan ya zauna kan bulo ya buɗe. Labarin wani namiji ne, ƙaƙƙarfa, kyakkyawa, mata na rububinsa, yana ba da labari da bakinsa, ni na yi kaza, ni na ce kaza. Ya karanta shafi biyu yana murmushi, ya rufe, ya cusa a jaka, ya kai wa mai buga littafi a kan nasa ne.

Bayan sati uku mai buga littafi ya kira. Ya ce kurakurai kam kamar na ɗan firamare, amma babin ƙarshe ya hana shi cin abinci, ina ya samo wannan? Mijin Yaya ya ƙara muryar wayar don Auta ta ji.

"Rayuwata ce tsaf. Ko kalma ɗaya ban ƙirƙira ba."

Da aka gama bugawa ya karɓo littattafan nata, ya ƙone su a gindin tankin ruwa, kan daɓen simintin da ya zuba da kansa. Auta ba ta taka daɓen nan. Daga gefe take miƙa bokiti, ruwa ya yi ta zuba, ta sha mari kan haka ya fi sau goma. Ranar da ya ƙone su ya shaƙe ta, ya kai fuskarta dab da wutar har girarta ta babbake.

"Ki gaya wa wani ke kika rubuta, ki gani."

"Wallahi Malam, ko yanka ni za a yi ba zan ce ni ce ba."

Kwana ukun da suka rage littafin ya fito, Auta ba ta iya cin abinci ba. Duk sanda ya ɗauki samfurin da aka aiko masa sai ta kafa masa ido ko zai buɗe, har sai ya shafa bangon ya ajiye.

Ranar fitowa ya sa sabbin kaya, ya kulle ta a gida da kwaɗo. Ya dawo yana ta surutu: ya yi magana a rediyo, ya ce duk gaskiya ne, ya sa hannu a kan guda sittin. Ya ba Baba ɗaya, ya ba sajan 'yan sanda na bayan layi ɗaya. Auta ta sunkuyar da kai. Baba a hankali yake karatu, da yatsa, amma bai taɓa ajiye littafi bai kai ƙarshe ba.

Washegari da azahar aka buge ƙofar da ƙafa. Sajan ne da mutum huɗu, da diga da shebur, Baba a bayansu idonsa jawur. Mijin Yaya ya ɗaga shebur ɗinsa na gini, suka danne shi a ƙasa, haƙorinsa ya fita. Yana ihu wa ya yi masa sharri, yana neman Auta da ido.

Ba wanda ya tambaye ta komai, ita ma ta cika rantsuwarta. Sajan ya buɗe babin ƙarshe, ya karanta da ƙarfi yana tafiya wajen tankin: "Guduma biyu na buga wa matata, na kwantar da ita a gindin tankin ruwa, na zuba siminti da hannuna."